Kafin Aska Ta Taɓa Shi: Yadda Na Tantance Ɗan Sojan Rezin Mai Ma'aunin 1/35

Kwalin bai fi na ashana biyu girma ba. A cikinsa akwai ƙananan ledoji biyu masu zif da hoton sojan bayan an yi masa fenti: soja ɗaya na fagen daga na Boma, a Yaƙin Duniya na Biyu, ma'auni 1/35, wato girman mutum an raba shi gida 35, an zuba shi da rezin mai ruwan toka, wani ruwa da ke daskarewa ya yi tauri. Na zaɓe shi ne don in mayar da shi ɗaya daga cikin 'yan Boma na ƙasar nan. Amma kafin maganar fenti, akwai aikin kwana biyu, wato tantance ko abin da aka aiko ya cancanci a ɓata masa lokaci. Ɗan soja guda na rezin yakan kai kuɗin kwali ɗaya mai sojojin roba huɗu ko biyar, ga kuɗin jirgi, ga canjin dala. Kuma da zarar aska ta taɓa shi, babu mai karɓarsa a mayar. Saboda haka duk binciken da za a iya yi ba tare da yanka ba, shi ake fara gamawa.

Aibun da za ka gani iri uku ne, kuma kowanne da mai shi. Akwai na masassaƙi, wanda ya ƙera samfurin asali. Akwai na mai zubi. Akwai kuma na hanya, wato zafi da matsi da jijjiga tsakanin can da Zariya. Na hanya kusan kullum yana gyaruwa. Na mai zubi, ya danganta da inda ya faɗo. Na masassaƙi kuwa sai dai haƙuri, don ko an canza maka wani, shi ɗin dai za a aiko. Duk abin da na yi a kwana biyun nan, rarrabe waɗannan ukun ne.

Kayan aikin ba su da yawa. Farar takarda a kan faranti mai baki, don kada ƙaramin abu ya gangara ƙasa. Gilashin ƙara girma irin na masu gyaran waya a PZ. Kalifa, ma'aunin nan mai muƙamuƙi biyu da kanikawa ke auna kaurin ƙarfe da shi. Allurar ɗinki, tsohon buroshin haƙori, askar tiyata mai lamba 11 daga kemis, ɗan siririn zarto, da samfefa mai jure ruwa lamba 400 da 600 da 1000, wadda ake samu wajen masu sayar da kayan fentin mota a Sabon Gari. Sai tocilar waya.

Na zazzage ledojin a kan takardar na ƙirga: gangar jiki haɗe da ƙafafu, hannaye biyu, kai biyu (ɗaya da malafa, ɗaya da hular kwano), bindiga da tafin hannun dama a manne da ita, gorar ruwa, adda, jakar baya. Guda tara. Ba a jefar da leda sai an ɗaga ta a haske, domin idan wani abu ya karye a hanya, gutsuren yana kwance a kusurwarta. A tawa na tsinci ɗan ɓallin da bai kai ƙwayar gero ba, ashe bakin murfin gorar ruwa ne. Tun da gutsuren yana nan, laifin hanya ne, ɗigon sufagulu ya wadatar. Da babu shi a ledar, to tun daga wurin zubi aka rasa shi. Na ɗauki hoton komai a yadda ya zo, da rula a gefe, kafin in ci gaba.

Sai an san yadda ake yin abin nan kafin a gane aibunsa. Wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukwanen alminiyam ya riga ya ga rabin labarin: samfuri, mazubi mai ɓari biyu, kafar zuba narkakken abu, da kafar da iska za ta fita. Bambancin shi ne nan mazubin na robar silikon ne mai laushi, abin zubin kuma ruwa ne kashi biyu na foliyuretan, waɗanda ake haɗawa, galibi daidai wa daida, su daskare cikin 'yan mintoci. Laushin silikon ne ke ba da damar fitar da lunguna masu zurfi, kamar ƙarƙashin murfin aljihu ko tsakanin yatsu, abin da mazubin ƙarfe na sojojin roba ba ya iyawa. Wannan ne dalilin tsadar. Kuma laushin nan dai shi ne tushen matsala, don silikon yana gocewa, yana yagewa, yana tsufa bayan 'yan gomomin zubi. Kowane yanki yana fitowa da ragowar rezin a inda aka zuba, ni ina kiran ta cibiya. Kada ka raina cibiyar nan, a kanta ake duk gwajin da ba ka so ka yi a jikin sojan.

Gwajin farko na hanci ne da farce. Rezin da ya nuna ba ya da wani wari mai ƙarfi. Idan ka buɗe leda wari irin na kananzir ko na shagon masu aikin faiba ya buge ka, ka yi hattara. Na danna farce a cibiyar gangar jikin da ƙarfi, bai bar gurbi ba. Na kankare gefenta da aska, sai ɓawon ya fito a nannaɗe kamar na sabulu busasshe. Haka ake so. Idan yana tsalle a gutsure kamar gilashi, rezin ɗin mai gautsi ne, kuma yatsu da bakin bindiga za su riƙa karyewa a hannunka. Idan kuma yana bin aska kamar cingam, ɗanye ne: ko ba a auna kashi biyun daidai ba, ko ba a gauraya su sosai ba. Ɗanyen zubi ba shi da magani. Zai yi ta naso a ƙarƙashin fenti har bayan watanni, fentin ya yi ƙyalli ya kumbura. Don tabbatarwa, na jera guda taran a kan sabuwar takarda na rufe da kwano suka kwana. Da safe babu tabon maiƙo ko ɗaya.

Daga nan sai wanka. Masu zubi suna fesa wa mazubi wani mai don kada rezin ya kama, kuma man nan yana cike ƙananan layuka ya hana ido ganin gaskiya, daga baya kuma ya hana fenti zama. Ruwa mai ɗumi kaɗan, wanda hannu ke jurewa ba tare da ƙyafci ba, rabin lita a roba, da ɗigo biyar na sabulun ruwa na wanke-wanke. Minti goma a ciki, sannan buroshi a hankali, daga jiki zuwa waje, ba a komawa da baya a kan yatsu. Wajen ɗauraya a sa rariya a ƙasa, kada a yi a bakin magudana. Alamar wanka ya yi ita ce ruwa ya kwanta shimfiɗe a jikin rezin. Idan yana dunƙulewa kamar a kan ganyen gwaza, da sauran mai, a sake. Jakar baya sai da na wanke ta sau biyu. Ba a jiƙa rezin a tina ko asiton, suna iya tausasa shi. Ba a kuma shanya shi a rana. Inuwa, a kan tsumma mara gashi, a kife kwando a kai saboda ƙura.

Yanzu aikin ido, wanda ya fi cin lokaci. Hasken da ke faɗowa kai tsaye yana ɓoye komai a kan rezin mai toka. Ana buƙatar haske ɗaya daga gefe, a kwance, yadda kowane tudu zai yi inuwa. Da hantsi kusa da taga yana yi. Da dare na kashe ƙwan ɗaki na kwantar da tocilar waya a kan tebur, ina juya yankin a hankali a gabanta.

Abin da na fara bi shi ne ɗinkin mazubi, layin da ɓari biyun suka haɗu. A wannan sojan ya taso daga cikin ƙafar hagu, ya bi ta gefen wando, ya ɓuya a ƙarƙashin ɗamara, ya fito a kafaɗa. Mai zubin ya san aikinsa, don ya bi da layin ta inda ɗinkin tufa yake a zahiri. Siririn layi mai tudu ba komai ba ne, bayan aska ke ɗauke shi. Yanar rezin mai kama da ɓawon albasa da ke tsakanin ƙafafu ita ma buroshi ma yana cire ta. Abin tsoro shi ne gocewa, inda ɓari ɗaya ya zame, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu kamar matakala. Ana gane ta da allura: ka ja ta ƙetaren layin daga hagu, ka sake daga dama. Idan ta tsaya ta ɓangare ɗaya kawai, gocewa ce. Na samu irin wannan a cikin ƙwaurin hagu, tsawon milimita shida, zurfinta bai fi kaurin takarda biyu ba. A wurin da take, tsakanin ninkin wando, aikin minti ashirin ne. Da a ce ta ratsa kunne ko ta bi ta kan igiyar takalmi, da maganar ta canza, don gyaranta yana nufin sake sassaƙa abin da ka biya kuɗi dominsa.

Sai kumfa. Iska tana tashi sama a cikin mazubi ta maƙale a duk wani lungu da ya kalli sama lokacin zubi. Tun da yawanci a kife ake zuba su, cibiya a ƙafa ko a wuya, wuraren dubawa sanannu ne: ƙasan haɓa, kan hanci, leɓatun kunne, bakin malafa, kan yatsu, dunduniyar takalmi, ƙasan jakunkunan harsashi. Masu zubi na ƙwarai suna sa mazubin a tukunyar matsi har rezin ya daskare, iskar ta matse ta zama ba a ganinta. Na samu rami uku. Ɗaya a dunduniyar dama, wanda ƙasa za ta rufe. Ɗaya a ƙarƙashin bakin malafa, faɗinsa rabin milimita. Na uku a haɓar kan mai hular kwano, kuma wannan ya cinye rabin maɗaurin hular. Ramuka uku masu girma ɗaya, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Yawan aibu ba shi nake ƙirgawa ba, mazauninsa nake dubawa.

Akwai kumfar da ba ta fashe ba, tana kwance ƙarƙashin fata siririya. Takan nuna kamar ɗan tabo mai haske. Na bi duk inda na yi zargi da kan allura ina dannawa a hankali. Gara ta fashe yanzu da ta fashe bayan an gama fentin fuska. Idan kuma ka ga wuri ya yi zanzana, ƙananan ramuka barkatai kamar soso, wannan laima ce ta shiga rezin tun yana ruwa, ta haifar da iska a cikinsa. Irin wannan duk inda ka goga da samfefa sabbin ramuka ne za su buɗe, ba ya ƙarewa. Kishiyar rami kuma ita ce ƙwallo: 'yan dunƙule-dunƙule a cikin lunguna, alamar kumfa ce a jikin silikon ɗin kansa, ko kuma mazubin ya tsufa ya fara yagewa. Na ga biyu a bayan ɗamara, kan aska ya ɓalle su.

Addar ce ta ba ni haushi. Ƙotarta ta ƙare a dunƙule, sumul kamar ɗigon kyandir, kusan milimita ɗaya da rabi babu. Karaya tana barin baki mai kaifi da fari-fari. Sumul ɗin nan yana nufin rezin bai kai ƙarshen mazubin ba. Wannan na mai zubi ne ƙarara, kuma abu ne da ya kamata a gani kafin a sa a leda.

Awo ya biyo baya, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: duk abin da ke duniya a raba shi gida 35. Mutum mai tsawon santimita 175 zai zama milimita 50. Mai 170 zai zama 48.6, mai 180 kuma 51.4. Nawa, da na ɗora kan a wuya na cire tudun malafa, ya ba ni 50.5 har da takalmi, a ɗan sunkuye. Dogo ne amma bai fita daga mutane ba. Kai daga haɓa zuwa tsakar ka ya kamata ya shiga tsawon jiki sau bakwai zuwa bakwai da rabi, wato wajen milimita 6.5 zuwa 7. Sai dai tsawon mutum ba hujja ba ce mai ƙarfi, tun da mutane sun bambanta. Bindiga ce ba ta ƙarya. Lee-Enfield samfurin No. 1 Mk III tsawonta santimita 113 ne, a 1/35 milimita 32.3 ke nan. Faɗin ɗamarar sojan Ingila samfurin 1937 inci biyu da kwata ne, wato milimita 1.6 a jikin ɗan sojan. Bindigata a lanƙwashe ta zo, don haka na bi ta da zare na auna zaren: 32. Ɗamara 1.7. Na gamsu.

Wannan awon ne kuma ke tona asirin zubin sata. Akwai masu sayen na asali guda ɗaya su yi sabon mazubi a kansa su riƙa sayarwa da araha. Kowane zubi yana ɗan tsukewa, don haka kwafin kwafi yakan fito ƙarami, bindiga ta dawo 31 ko ƙasa. Sauran alamun: ɗinkin mazubi biyu a jere, ɗaya na asali da aka kwafa, ɗaya sabo, cibiya a kan cibiya, maɓallai da suka zama kamar an lashe su, lunguna da suka cike, hoton kwali dishi-dishi ko babu kwalin sam. Ban da cewa cin haƙƙin masassaƙi ne, wanda ya yi makonni a kan samfurin, jabun yana cin mai saye ma, don abin da ya sa ake sayen rezin, wato kaifin zane, shi ne farkon abin da ke mutuwa. Nawa layi ɗaya ne, kuma ana iya ƙirga ramukan igiyar takalmi. Na kuma duba ko akwai siraran layuka a jere kamar na zanen yatsa a kan malafa da kafaɗu, tun da yanzu da yawa a kwamfuta ake zana samfurin a buga shi da injin 3D hawa-hawa. Akwai su kaɗan a saman hular kwano, waɗanda samfefa 1000 za ta share.

Ingancin zubi daban, gaskiyar tarihi daban, kuma a garin nan ba ka da uzurin yin sakaci da ta biyun. Tun 1924 ake horar da kurata a Defo na Zariya. Sunan barikin Chindit ya samo asali ne daga dakarun da suka yi yaƙi a bayan layin Japanawa a Boma, waɗanda a 1944 akwai bataliyoyi uku na Najeriya a cikinsu, ta 6 da ta 7 da ta 12. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma su ne suka yi yaƙin kwarin Kaladan da Myohaung, wadda aka kama a Janairun 1945. Jikokin mutanen nan suna cikinmu, wasu da hotuna a gida. Idan ka sa wa ɗan sojanka kayan da ba nasu ba, za a samu mai gane wa.

Na fara da bindigar. No. 1 Mk III ana gane ta da dunƙulallen hanci: katako ya rufe bututun har baki, da ƙarfe a kai inda banati ke zama, saitin baya kuma yana kan bututu a gaban gidan harsashi. No. 4 kuwa bututunta ya leƙo waje, saitinta na baya yana can kusa da idon mai harbi. Duka biyun sun yi aiki a Boma, amma kada a ga hancin wannan da saitin waccan a bindiga ɗaya. Tawa No. 1 ce tsantsa. Mariƙin sakata yana dama, inda ya kamata. Wannan dubawar ba wasa ba ce: samfurin da aka zana a kwamfuta ana iya juya shi kamar a madubi don a samu sabon tsayi, sai sakata ta koma hagu, babban aljihun taswira ya bar cinyar hagu ya koma dama, rigar ta rufe ta ɓangaren da ba nata ba. Kayan ɗamarar samfurin 1937 ne: manyan jakunkuna biyu a gaba, waɗanda kowacce ke ɗaukar gidan harsashin bindigar Bren biyu, maɗaurai biyu da suka gicciye a baya suka sauka kan ƙarafuna biyu a bayan ɗamara. Duk suna nan. Da samfurin 1944 aka sa masa, da bai dace da sojan Kaladan ba, don bai iso fagen ba a lokacin. Maratayin bindiga ne babu, amma wannan ba aibu ba ne. Yawancinsu haka suke zuwa, ana yanka shi daga takardar dalma ko tef, faɗin milimita ɗaya ba kaɗan.

Aikin masassaƙin ya burge ni a wajen nauyi. Sojan ya dogara a ƙafar dama, ƙugun dama ya ɗaga, kafaɗar dama ta sauka, kamar yadda jiki ke yi. Maɗauran sun nutse cikin riga, rigar ta kumbura a gefensu, jakunkunan gaba sun rinjayo ƙasa kamar da kaya a ciki. Ninkin wando ya taso daga gwiwa da gindin cinya, inda tufa ke tattarewa, ba a warwatsa shi ko'ina don ado ba. Yatsu huɗu da babban yatsa sun naɗe ƙotar bindiga, babu iska tsakaninsu da katako. A fuska akwai fatar ido ta sama da ta ƙasa, kunnuwa suna tsakanin layin gira da na ƙasan hanci. Matsala ɗaya: duka kawunan biyu na Turawa ne, siririn hanci da siraran leɓɓa. Fenti mai duhu ba ya mayar da wannan fuskar ta mutumin Zazzau ko Katsina. Wannan ba laifin kowa ba ne, abin da aka sassaƙa ke nan, amma yana nufin ƙarin aiki: ko a nemi kan canji, irin waɗanda kamfanin Hornet ke yi a 1/35, ko a faɗaɗa hanci a cika leɓe da Milliput, wani ciko mai kashi biyu da ake murzawa tare ya daskare, a ƙarƙashin gilashi. Kan mai raunin haɓa ya samu amfani, a kansa zan fara gwada hannu.

A nan na tsaya na aika wa mai sayarwa hotuna uku: addar, haɓar, da dukkan kayan a jere da cibiyoyinsu ba a taɓa ba. Addar kawai na nemi a canza. Masu zubi na gaskiya sukan aiko da madadin yankin da bai cika ba idan hoto ya nuna, kuma cibiyar da ba a yanke ba ita ce shaidarka cewa ba kai ka lalata ba.

Sauran gwajin sai da yanka. Ba a cire cibiya da filaya ko abin yanke farce, matsin yana tsaga rezin ya shiga cikin takalmi. Zarto ake sawa, a bar rabin milimita, a cinye sauran da samfefa 400 a shimfiɗe a kan gilashi, ana zagayawa kamar ana rubuta 8 don kada gefe ɗaya ya fi ci. Komai a jiƙe. Ƙurar rezin ba ta da kyau ga huhu, don haka zarto da samfefa duk a tsoma su a ruwa, a sa takunkumi, a share tebur da jiƙaƙƙen tsumma, ba a hurawa da baki, ba a yi inda yara ke wasa ko kusa da abinci.

Bindigar ta lanƙwashe wajen milimita biyu daga tsakiya. Wannan aikin zafi ne, kuma kwalin da ya yini a bayan mota a watan Maris ko Afrilu ba ya buƙatar wani dalili. Kofi biyu na tafasasshen ruwa da kofi ɗaya na ruwan randa suna ba da wajen digiri 70. Na riƙe ta da hantsaki ta wajen tafin hannun na tsoma daƙiƙa ashirin. Da ta yi laushi sai ta fara miƙewa da kanta, don rezin yana neman komawa siffar da ya daskare a kai. Na kwantar da ita a gefen rular ƙarfe na danna, na tsoma su tare a ruwan sanyi minti ɗaya. Sau biyu na yi kafin ta tsaya. Idan abu ya miƙe ya sake komawa bayan kwana ɗaya, an cire shi daga mazubi ne tun bai gama nuna ba, kuma sai an sa masa waya a ciki ko a canza bututun da ƙarfe.

Gwajin haɗi ba a yin sa da sufagulu. Ɗan ɗigon Top Bond a kan allura ya isa ya riƙe na ɗan lokaci, ruwa kuma yana cire shi. Hannaye biyu da bindiga tare ake gwada su, domin idan ka daidaita kowane hannu shi kaɗai da kafaɗarsa, sai ka tarar tafin hagu yana shawagi nesa da katako. Hannun dama ya zauna a gurbinsa ƙyam. Na hagu, idan tafin ya kama bindiga, sai giɓi ya buɗe a bayan kafaɗa. Na auna shi da takardar rubutu, wadda kaurinta wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne: uku suka shiga. A jikin mutum, giɓin santimita ɗaya ke nan a ɗinkin kafaɗa, ido zai gani. Amma wuri ne da Milliput ke cikewa, a haɗa kashi biyunsa daidai, a tura da allura, a lallashe da jiƙaƙƙen buroshi, a bar shi awa huɗu. Wajen haɗin gaske, gam ɗin sojojin roba irin Tamiya Extra Thin ba ya kama rezin ko kaɗan, don narkar da roba yake yi kuma rezin ba ya narkewa. Sufagulu ne, shi kuma da laimar iska yake kamawa. Da hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa, zai yi ta jan lokaci har ka ɗauka ya lalace, huci ɗaya daga baki yana tayar da shi. Da damina kuma yana kamawa kafin ka daidaita, ya bar farin hazo a gefe. Wuya da kafaɗu da ƙafa ɗaya suna son waya: rami na milimita 0.6, zurfin milimita uku, da silin jan ƙarfe daga tsohuwar wayar lantarki.

Hukuncin ƙarshe na faraima ne, wato shafen farko da ake fesawa kafin ainihin fenti. Ruwan toka mai laushi, irin Mr. Surfacer 1200 ko na Tamiya. Na gwangwanin fentin mota yana da kauri, yana iya binne igiyar takalmi a fesa ɗaya, don haka duk wanda zai yi da shi ya fara gwadawa a cibiyar da ya yanke. Na girgiza gwangwanin minti biyu, na fesa shafe biyu marasa kauri daga nisan santimita ashirin, da sassafe kafin iska ta tashi. A busasshiyar iska fentin yana bushewa kafin ya isa, ya sauka kamar yashi, sai a matso zuwa sha biyar a kuma yi sauri. Na kife kwano a kai. Washegari na manna tef a tafin takalmi na fizge, fentin bai biyo ba, wankan ya yi ke nan.

Faraimar ta fito da abu biyu da ido bai gani ba: ƙananan ramuka huɗu a jere a ƙarƙashin jakar harsashin hagu, da ragowar ɗinkin mazubi a bayan wuya. Ta kuma fito da abin da ban san yana nan ba, saƙar zaren ɗamara, da jijiyoyin bayan hannun hagu. Ramukan na buɗe bakinsu da kan aska, tun da rami mai ƙaramin baki ba ya karɓar ciko, na cika su da sufagulu haɗe da farar hoda, na goge cikin awa ɗaya kafin ya fi rezin ɗin tauri.

A takardar da nake rubuta sakamako na sa: sassaƙa, madalla; tarihi, daidai, ban da fuska; zubi, matsakaici, da yanki ɗaya da bai cika ba; hanya, karaya ɗaya da lanƙwasa ɗaya, duk sun gyaru. Gyaran gaba ɗaya awa uku ne, ban da aikin fuska. Na riƙe shi. Yana cikin gwangwanin alawa mai murfi, a kan auduga, a ƙasan kabad ɗin ɗakin da ba ya kallon yamma, har addar ta iso.